Jikan Majema da Kujerun Amarya

"Ni fa ku ɗaure min ido da rawani, ku ɗora yatsana a kan fata, in gaya muku ta sa ce ko ta saniya, in gaya muku garin da aka yanka ta. In kun matsa min, har sunan mahaucin da ya feɗe ta sai in faɗa!"

Malam Isyaku ke nan na Gyaɗi-Gyaɗi, a kan bencin ƙofar gidansa, goro cike da kumatu. Ɗan'uwa, in ba ka san shi ba, to ka huta. Shekara talatin ya yi yana masinja a sakatariya, amma in ka tambaye shi aikin da ya yi sai ya gyara hula ya ce, "Muna ofis." Tunda ya yi ritaya kuwa ya rasa abin da zai yi taƙama da shi, sai ya tono kakansa daga kabari ya naɗa shi sarkin majema, wato masu jeme fata. Tsofaffin da suka san kakan sun ce jaki gare shi, an taɓa ɗaukarsa haya ya kai ɗanyen ƙirgi majema sau biyu, a na uku jakin ya ji warin ya ƙi tafiya. Iyakar abin da ya haɗa gidansu da fata ke nan.

Da cika bakin nan ya tsaya a benci da sauƙi. Amma sai ga shi 'yarsa Saratu za ta auri yaron wani gida a Daurawa, baffan yaron kuma shi ne Alhaji Sulaiman, dattijo mai sanyin magana wanda ya shekara arba'in yana saye da sayar da fatu. Ranar da suka zo neman aure, maimakon gogan naka ya yi shiru ya karɓi gaisuwa, sai ya buɗe musu babin kakansa. Ya yi ta zuba, ya yi ta zuba, har shayi ya huce. Alhaji Sulaiman dai yana murmushi.

"Ma sha Allah, ashe gida muka zo," in ji shi. "Na ji an ce kujerun fata za a yi wa 'yata. To tunda da ido irin naka a kai, in an ɗaura aure zan leƙa in gani."

Tun daga ranar kan Malam Isyaku ya daina shiga hula. Ba abin da yake so a duniya kamar Alhaji Sulaiman ya shafa kujerun nan ya juyo ya ce masa, "Lallai ka san fata." Ba kuma abin da yake tsoro kamar dattijon nan ya gane cewa fanko ne.

Kujerun kuwa ba shi ya saya ba. Matarsa Talatu ce ta shekara uku tana taka keken ɗinki har ƙafarta ta kumbura, don kada a shiga ɗakin 'yarta a fito ana taɓe baki. Ta ba Ayuba aikin, wani mutumin Filato mai shagon kujeru a Tarauni, wanda ko masu hassada sun yarda hannunsa yana da kyau. Ana sauran kwana huɗu ɗaurin aure ya kawo su a akori-kura: doguwa mai cin mutum uku, da ƙanana biyu, kalar madara, a naɗe cikin leda. Aka jera su a falon Malam Isyaku kafin ranar Alhamis da mata za su je jere.

Ayuba ya share gumi ya ce, "Mama, Baba, fatar nan an gama mata komai tun daga kamfani, an rufe fuskarta. In ƙura ta hau, tsumma mai laushi ya isa. In wani abu ya zube, a ɗan jiƙa tsumman a dangwala a hankali, kar a dirza. Kar a bar ta a rana. Mai kuma, ko wane iri ne, don Allah kar ya taɓa ta. In abu ya gagara, a kira ni, ga ni nan kusa."

"Ka gama?" in ji Malam Isyaku.

"Na gama, Baba."

"To yaro, kai ɗinki ka koya. Ni a cikin fata aka yanke min cibiya. Gaida gida."

Talatu ta dubi mijinta, irin kallon nan na wadda ta shekara ashirin da bakwai tana ganin abu iri-iri. "Malam, don girman Allah, ko ledar kar ka taɓa."

"Ni yaro ne?"

Ranar Laraba da hantsi Talatu da Saratu suka tafi Kantin Kwari sayen labule. Ƙurar a-daidaita-sahunsu ba ta kwanta ba Malam Isyaku ya leƙa waje ya yafito amininsa Garba mai faci, mutumin da bai taɓa ganin wuta ya kawo ruwa ba, sai dai ya kawo mafici.

Garba ya zagaya kujerun yana kaɗa kai. "Sun yi kyau. Amma Malam, ka tabbata fatar gaske ce? Yanzu roba ta cika gari."

"Roba? A gidana?"

Kafin ka ce me, ya farke ledar doguwar kujerar. Ya sunkuya ya shinshina, ya lumshe ido, ya ɗaga yatsa sama. "Bijimi ne. Baƙi. Ɗan shekara huɗu, kiwon fadama. Da damina aka yanka shi."

"Tabɗijam! Har da damina?"

Daɗi ya kama mutumin, ya fashe da dariya da goro a baki. Fit! Ɗigon jan yawu ya sauka a tsakiyar kujerar, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero.

Dariya ta tsaya. Wallahi a lokacin ya tuna maganar Ayuba sarai, ga ma tsumma nan rataye a bayan ƙofa. Amma Garba yana tsaye yana kallo, kuma jikan sarkin majema ba zai yi aiki da karatun ɗan Filato a gaban mutane ba.

"Ƙaramin abu," in ji shi. Ya lasa babban yatsa ya murza wurin. Ya manta yawun da ya laso shi ma na goron ne. Ƙwayar gero ta zama kwabo.

"Ya ƙaru fa," in ji Garba.

"Fitowa yake yi. Haka ake so. Miƙo min lemon tsami a madafi, ka ɗebo toka."

Ya matse lemo, ya barbaɗa toka, ya sa soson wanke-wanke ya dirje wurin kamar gindin tukunya. Ja ya fita, ba ƙarya. Sai dai kalar madarar ma ta bi shi, aka bar wani tabo mai ruwan toka, faɗin tafin hannu.

Garba ya sosa ƙeya. "Mu dai a wajenmu, ba dattin da yake gagarar kananzir."

"Bakina ka riga. Dama shi ne mataki na uku."

Aka tsiyayo kananzir daga risho. Da ya goga sai fuskar fatar ta yi danƙo, ta fara biyo tsumman tana saluɓewa. Tabo ya kai faifai, ya bushe ƙamas, ya yi fari-fari kamar ƙafar da ba ta ga mai ba. Zufa ta keto wa Malam Isyaku har cikin kunne, amma bakin nan bai mutu ba.

"Garba, ka san abin da ke damun mutanen yanzu? Sun ɗauka fata matacciya ce. Fata rai gare ta! Ƙishirwa take ji. Ka taɓa ganin baduku ya bar fata ba mai? Kakana da man shanu yake shayar da ita, har sai ta yi laushi kamar kunnen jariri."

Akwai man shanu a gidan kuwa, cike da wata babbar roba, wanda Talatu ta sa aka kawo mata daga ƙauye don tuwon 'yan biki. Ya dumbuzo da hannu ya shafe tabon. Wurin da aka kankare ya shanye mai nan take ya yi baƙi ƙirin, gefen da ba a taɓa ba kuma man ya zauna a sama yana ƙyalli.

"Yanzu kuma nan ya fi ko'ina duhu," in ji Garba.

"To ai sai a daidaita."

Aka shafe mazaunin gaba ɗaya don ya daidaita da tabon. Aka shafe majinginar don ta daidaita da mazaunin. Da suka ja baya suka duba, sai doguwar ta fita daban da ƙananan, ai kuwa ba a kai wa amarya saiti kala biyu. Aka farke ledar ƙananan su ma aka ba su rabonsu. Robar man shanu ta koma wayam, har gogan ya sa yatsa ya kwalfe gefe-gefe.

"Saura me?" in ji Garba, yana lasar hannu.

"Rana. Sai ta ji zafi take buɗe baki ta sha."

Suka ciccibo kujerun da nishi da salati suka baje su a tsakar gida, a tsakiyar ranar nan ta watan zafi da ko ƙadangare ke neman inuwa. Aka kira azahar, suka tafi masallaci, suka bar ƙofar gida a buɗe. Daga masallaci kuma Malam Isyaku ya tsaya yi wa wasu mutum uku bayanin yadda ake shayar da fata.

Abin da suka tarar da suka dawo, ɗan'uwa, ba ya faɗuwa da baki ɗaya. Man ya narke ya bi ɗinki ya shige cikin soso. Fatar ta yi dabbare-dabbare, wani wuri ya kumbura, wani ya tattare. Kiyashi sun yi layi tun daga bakin rariya, ƙudaje sun zo da 'yan'uwansu na Unguwa Uku. A kan doguwar kuwa akuyar maƙwabta ce tsaye da ƙafa huɗu, ta gama lashe hannun kujerar ta fara gwada shi da haƙori.

"Kai! Kai! Tsinanniya!" Ya wurga mata buta, ya kuskure, butar ta fashe a kan ƙaramar kujera.

Nan fa Garba ya fara duban ƙofa. "Malam, ko a kira yaron nan Ayuba?"

"A kira wa? In ka ga Ayuba a gidan nan to gawata ya zo gani. Dama ni kalar madarar nan ba ta yi min ba, kalar asibiti ce. Fatar Kano ja ce! Jar fatar da Larabawa suke tsallako hamada su saya. Hau mashin ka je kasuwar Tarauni wajen masu kayan gargajiya, ka ce karan dafi, na rina fata. Alhaji Sulaiman yana gani zai san aikin gado ne."

Garba ya kawo karan dafi. Aka daka, aka jiƙa da ruwan kanwa, ruwa ya yi jawur gwanin sha'awa. Abin da jikan majema bai sani ba, rini ba ya kama fatar da ta sha mai. Yana shafawa da burushin fenti, ruwan yana tattaruwa ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa. Ya sake shafawa. Ya yi ta uku, ya haɗa da fifita da murfin kwali. Zuwa la'asar dai wani abu ya zauna a sama, ba ja ba, ba ƙasa-ƙasa ba, kalar miyar da ta kwana. Suka mayar da kujerun falo, Garba ya ce ya tuna ya bar wata taya a kan wuta.

Tun daga zaure Talatu ta ja ta tsaya. "Saratu, me ke wari haka? Kamar an soya mai a gidan mai."

Suka ɗaga labulen falo. Ƙullin sayayyar da ke kan Saratu ya faɗi. Yarinyar nan ba ta yi ihu ba, zama ta yi a ƙasa ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ni kaina mai ba ka labari, nan wurin ba ya ba ni dariya. Shekara uku na taka keke ne aka shafe da man tuwo a yini ɗaya.

"Malam," in ji Talatu, muryarta can ƙasa, "mene ne wannan?"

"Gyara ne. Ba za ki gane ba yanzu, sai ya kwana biyu."

"Ina man shanuna?"

"Yana ciki."

"Cikin me?"

Ya nuna kujerun da haɓa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Isyaku, Allah ya isa tsakanina da kakan nan naka da ban taɓa gani ba!"

Ba ta nemi izininsa ba ta kira Ayuba a waya. Ya zo, ya zagaya kujerun sau biyu, ya dangwala yatsa ya duba, ya cire hularsa ya riƙe a hannu kamar wanda ya zo ta'aziyya.

"Mama, wannan sai dai a feɗe su gaba ɗaya, a zubar da soson, a sa sabuwar fata. Ko yau na fara, sai mako biyu." Ya juya. "Baba, da ɗigon farko kuka kira ni, ai minti ɗaya ne."

"Ka ji shi ko? Hassada! Ya ga an fi shi. Nan da jibi za su bushe su yi ƙyalli, ranar Juma'a da yamma a ɗora su a mota a kai ɗakin amarya, Alhaji Sulaiman ya gani da idonsa."

"Sai dai a ɗora su a kan gawata," in ji Talatu.

Ranar Alhamis mata suka je jere ba kujeru. Suka shimfiɗa darduma, suka jera tum-tum, duk dangin angon da ya tambaya sai a ce masa kujeru suna hanya. Malam Isyaku kuwa yini ya yi a falo yana fifita, yana turara su da turaren wutar amarya, har wari ya zama iri huɗu.

Juma'a ta zo, ranar ɗaurin aure. Gogan ya fito wanka ya zuba farar shadda, babbar riga da 'yar ciki da wando, sun sha bugu suna ɗaukar ido. Ya taɓa doguwar kujerar da ɗan yatsa, ya ji sama-sama ta bushe. Sai ya ƙwala kira.

"Talatu! Zo ki ga ikon Allah. Kin ce suna zuba ko? To ga farar shadda. A nan zan zauna in ci abincina, in ko ɗigo ya taɓa ni, ki kira ni da sunan da kika ga dama."

Ya baje a tsakiyar kujerar, ya jingina, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ba wuta, falo ya ɗau zafi, ga mutum da jiki. Ya ci shinkafa, ya sha ruwa, ya amsa waya uku yana ta mutsu-mutsu, soso yana ta matso abin da ya sha. Rabin awa cur. Sannan ya miƙe ya ware hannu ya dubi gabansa, fari tas.

"To? Ina zubar?"

Ya juya zai ɗau hula. Talatu ta ga bayansa, ta dafe ƙirji. "Malam, tsaya, rigarka..."

"Ban son jin komai! Kwana biyu kina min baƙin baki. Yau ranar farin ciki ce, in kika ƙara kalma ɗaya ranki zai ɓaci."

Talatu ta dube shi, ta dubi ƙofar ɗakin da 'yarta ta kwana biyu tana kuka a ciki. Ta sauke hannunta.

"To Malam. A dawo lafiya."

Da ƙafa ya tafi masallacin Juma'ar unguwa, don kowa ya ga shaddar. Aka gani kuwa. Duk inda ya wuce sai hira ta tsaya, masu shago su leƙo, wata tsohuwa har ta ce, "Wayyo, sannu bawan Allah." Shi kuwa yana ɗaga hannu yana amsa gaisuwa, ƙudaje suna take masa baya. Garba ya hango shi daga baya, ya yi kwana ya canza masallaci.

Aka idar da salla, aka ɗaura aure, aka shafa fatiha. Malam Isyaku ya miƙe a sahun gaba yana juyi dama da hagu yana miƙa hannu. Sai wani ya raɗa wa liman magana a kunne, liman ya sake jawo lasifika.

"Jama'a, kafin a watse, a taimaka da addu'a ga mahaifin amarya. Duk mun ga halin da yake ciki, amma ya daure ya fito saboda 'yarsa. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne."

"Amin!" in ji masallaci gaba ɗaya, har na waje.

Malam Isyaku ma ya ce amin, yana waige-waige ya ga ko aure biyu aka ɗaura. Sai ya ji an kama hannunsa a hankali. Alhaji Sulaiman ne. Ya ja shi bayan wata mota, ya kamo bayan rigar ya zagayo da shi gabansa.

Ɗan'uwa, tun daga kafaɗa har ƙasan gwiwa jawur, ya fi tsananta a mazauni. Ga layin ɗinkin kujera ya fito ɗoɗar, ga shaidar maɓallanta guda shida a jere.

"Mutane sun ce jini ne, hankalina ya tashi," in ji Alhaji Sulaiman. Ya murza rigar da yatsa biyu ya kai hanci. "Alhamdu lillahi, ba jini ba ne. Karan dafi ne. Da man shanu." Ya sake shinshinawa. "Har da kananzir. Ikon Allah! Malam Isyaku, kai da ka san fata, wane mara tsoron Allah ne ya yi wannan haɗin? A kan me ka zauna?"

Malam Isyaku ya dubi rigar. Ya dubi jama'ar da suka yi cirko-cirko suna leƙe ta saman mota. Ya dubi dattijon da ya shekara arba'in a cikin fatu. Sai ya ce:

"Basir ne, Alhaji."

"Haba Malam, ga ƙamshin man..."

"Alhaji, jikina ne ko naka? Basir ne, mai tsanani. Shekarata bakwai ina fama."

Alhaji Sulaiman ya ƙara duban shaidar maɓallan nan shida. Sannan ya saki rigar, ya goge yatsunsa da hankici, ya dafa kafaɗarsa.

"To, Allah ya sawwaƙe. In ya ɗan lafa, a ɗoro min shi a akori-kura, da doguwar da ƙananan, ina da wanda zai sake masa fata."